Karatu a Fuskar Waya: Ido Ya Wuce, Kai Bai Ɗauka Ba

Ana gobe za ta shiga jarrabawa, na tarar da 'yar yayata da daddare zaune kan tabarma a tsakar gida, ta jingina da bango, hasken waya kaɗai ke haska mata fuska. Takardun lacca take bita, shafi arba'in da 'yan kai, waɗanda wani ɗan ajinsu ya ɗauka a hoto ya watsa a zaurensu na WhatsApp. Na tsaya ina kallon hannunta. Sai ta sa yatsu biyu ta buɗa shafin har rubutun ya kai girman da ido zai iya kamawa, amma kafin nan rabin layin ya shige ta gefen dama. Ta ja shafin ta ƙarasa layin, ta sake jawo shi baya don ta kama na ƙasa, sai ta rasa wanne ne na ƙasan. Sau biyu ina jin ta tana maimaita layi guda. Can saƙo ya leƙo ta sama, ta kai yatsa za ta kore shi, shafin ya zabura ya koma ɗan mitsitsi.

Na ce, "Ke kuwa haka za ki kwana, dama da hagu kamar masaƙi?"

Ta ce, "Kawu, fotokwafin shafi arba'in fa kuɗi ne. Kuma ai na gane, sau biyu na karance shi."

Na sa ta kife wayar ta faɗa mini abin da ke shafuka biyar na farko. Kanun batutuwan ta jero su tsaf. Da na tambaye ta yadda aka yi batu na biyu ya haifi na uku, sai ta yi shiru, hannunta ya koma kan wayar.

Yarinyar nan tana da kai, kuma ba malalaciya ba ce. Abin da ya same ta abu ne da masana suka shafe shekara arba'in suna aunawa: baƙi ɗaya, ma'ana ɗaya, amma yadda aka shimfiɗa shi a gaban ido yana sauya abin da zai zauna a ƙwaƙwalwa.

Mai karatu yana jin kamar idonsa sulalewa yake a kan layi, kamar ruwa a magudana. Tun a ƙarshen shekarun 1870 wani likitan ido a birnin Faris, Émile Javal, ya bayyana cewa tsalle ido yake yi. Yakan dira a wuri ya tsaya kamar rubu'in sakan, ya kwashi abin da zai kwasa, sannan ya tsallake harafi bakwai zuwa tara ya sake dira. A cikin tsallen ba ya ɗaukar komai. Keith Rayner, Ba'amurken da ya ƙarar da rayuwarsa kan motsin idon mai karatu, ya nuna cewa a kowace dira mai karanta Turanci yana amfana da harafi uku ko huɗu ta hagunsa, da goma sha huɗu zuwa sha biyar ta damansa. Wato ido yana leƙen abin da ke tafe kafin ya isa. Ga mai karanta Larabci leƙen ta hagu yake komawa, tunda can rubutun ya nufa. Sannan a cikin kowane tsalle ɗari, goma zuwa sha biyar da baya ake yin su. Ido ya wuce, ƙwaƙwalwa ta ce dakata, ban gane ba, sai ya koma ya sake duba kalmar da ya baro. Mai karatun kansa bai ma san ya yi ba.

A 2014 Rayner da Elizabeth Schotter suka gwada toshe wannan komawa. Da zarar ido ya bar kalma, sai na'ura ta rufe ta, ko ya waiwayo ba zai gan ta ba. Fahimtar masu karatun ta faɗi, a jimla mai wuya da mai sauƙi duka. Lokacin ana ta tallata wasu manhajoji masu jefo kalma ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar allo, wai za su ninka wa mutum saurin karatu. Saurin yana samuwa, ganewar ce ke zubewa a hanya.

To a dubi 'yar yayata da wannan ma'auni. Rabin layinta a ɓoye yake, don haka babu leƙen gaba. In ido zai koma baya sai ya jira yatsa. In ya kai ƙarshen layi, farkon na ƙasa ba ya cikin gilashin. Dabaru ukun da ido ke taimakon kansa da su duk an ƙwace mata, ita kuwa tana ganin karatu take yi.

Da farko an ɗora laifin wahalar karatu a allo a kan na'ura, kuma a lokacin da gaskiyar masu faɗin haka. Allunan kwamfutar shekarun 1980, masu ƙeya irin ta tsohuwar talabijin, haruffansu kaushi gare su, hasken yana rawa. John Gould da abokan aikinsa a kamfanin IBM sun auna sun ga mai duba kurakuran rubutu ya fi sauri a takarda da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Aka ce to, bari allo ya gyaru. Ya kuwa gyaru. Allon da bai kai ɗigo 100 a inci guda ba, ga iPhone 4 da ta fito a 2010 da ɗigo 326. Yau ƙaramar Tecno da ke aljihun ɗan acaɓa ta fi waccan kwamfutar IBM kyan harafi nesa ba kusa ba. Saurin karatu ya zo kusan kunnen doki. Fahimta ce ta ƙi daidaituwa.

A 2013 Anne Mangen ta Jami'ar Stavanger da ke ƙasar Norwe ta raba ɗaliban sakandare 72 gida biyu, ta ba su rubutu iri ɗaya, wasu a takarda wasu a PDF kan kwamfuta. Na takarda suka fi amsa tambayoyin fahimta. Mutum 72 ba su isa a yanke hukunci da su ba. Amma a 2018 Pablo Delgado da Ladislao Salmerón na Jami'ar Valencia a Sifaniya, su da abokan aikinsu, suka tattaro bincike 54 da aka yi daga 2000 zuwa 2017, wanda ya haɗa mutum sama da 171,000, suka auna su a faifai ɗaya. Takarda ta rinjaya. Rinjayen ba mai girma ba ne, amma ba na rainawa ba ne: sun kwatanta shi da kusan kashi biyu cikin uku na ci gaban da ɗan firamare ke samu a fahimtar karatu cikin shekara guda.

Inda gizo ke saƙa shi ne wuraren da tazarar ke fitowa. A labarin hira, irin na soyayya ko na ban dariya, ba a ga bambancin a zo a gani ba. A rubutun bayani take fitowa, irin na littafin kimiyya, tarihi, tattalin arziki, wato karatun makaranta ke nan. Tana kuma ƙara faɗi idan an ƙayyade wa mai karatu lokaci. Sai na ukun, wanda ya fi ba ni mamaki. An zaci yaran da suka buɗe ido suka ga waya a hannu za su cike giɓin. Sai aka tarar tazarar ƙaruwa take yi shekara bayan shekara. Sabo da allo bai sa an iya karatu a kansa ba.

Me ya jawo? Amsar da ta fi gamsar da ni ita ce ta Rakefet Ackerman da Morris Goldsmith, masu bincike a birnin Haifa, a 2011. Sun ba ɗaliban jami'a rubutu, kafin a yi musu tambayoyi sai a ce kowa ya kintaci makin da zai ci. A nasu gwajin, saɓanin abin da waccan tattarawar ta nuna, da aka yanka wa kowa lokaci daidai, masu allo da masu takarda suka tashi kusan ɗaya. Da aka bar kowa ya karanta har sai ya ji ya ƙoshi, masu allo suka koma baya. Kintacensu kuma ya zarce abin da suka ci, fiye da yadda na masu takarda ya zarce. Mai karatu a allo yana jin ya gane tun bai gane ba, sai ya rufe ya tashi. "Ai na gane" ɗin da 'yar yayata ta faɗa ke nan. Ba ƙarya ta yi mini ba, haka take ji har zuciyarta. Kallon kitse take yi wa rogo.

Dalilin wannan ruɗi ba ya rasa nasaba da abin da muka saba yi a kan gilashin. A 2006 Jakob Nielsen ya bi idanun mutum 232 suna duba shafukan intanet, ya ga akasari sukan karanta layin farko, su ɗan taɓa wani a ƙasansa, sannan su gangara ta gefen hagu suna tsintar kalmomi, zanen idon ya fito kamar harafin F. Ga mai neman farashin kaya ko sakamakon ƙwallo wannan dabara ce mai kyau. Sai dai hannun da ya wuni yana shafa TikTok da Facebook, ya saba ya ga abu ya wuce cikin sakan uku, shi ne dai zai buɗe takardar lacca da daddare a kan gilashin nan, da yatsan nan. Wayar kasuwa ce, kuma wanda ya shimfiɗa buzunsa a tsakiyar kasuwa zai yi karatu, amma da kunne ɗaya. A Jami'ar Jihar Florida an gwada a 2015, aka ga ƙarar shigowar saƙo kaɗai, ko ba a taɓa wayar ba, tana ƙara wa mutum kuskure a aikin da ke son natsuwa.

Akwai wani abu kuma da takarda ke bayarwa kyauta, ba mu lura da shi sai mun rasa shi, wato mazauni. A nan ba sai mun je Turai neman shaida ba. Duk wanda ya zauna da mahaddata ya sani. Ka ja wa mahaddaci bakin aya, ya ɗan lumshe ido, sai ka ji ya ce tana saman shafin dama, ko layi na uku ce daga ƙasa. Mus'hafin Madina, wanda Usman Ɗaha ya rubuta da hannunsa kuma maɗaba'ar Sarki Fahad ke bugawa, shafi 604 ne, layi 15 a shafi, kuma an tsara shi ta yadda shafi zai fara da farkon aya ya ƙare da ƙarshen aya. Izu guda yana cin kusan shafi goma. Shi ya sa malaman hadda ke jan kunnen ɗalibi kada ya riƙa sauya mus'hafi: wanda ya fara da shi, da shi zai sauke. Sun san ƙwaƙwalwa ba lafazi kaɗai take riƙewa ba, har da inda lafazin yake zaune.

Masana halayyar ɗan Adam sun iso wannan wuri ta tasu hanyar. Ernst Rothkopf ya nuna tun 1971 cewa mai karatu yana tuna gurbin da bayani yake a shafi ko da bai yi niyyar tunawa ba. Mangen ɗin nan da abokan aikinta sun ba mutum 50 wani labari mai shafi 28, rabi a littafi rabi a Kindle, na'urar karanta littattafai a allo. A yawancin tambayoyi babu bambanci. Da aka ce su jera aukuwa 14 na labarin bi da bi, wanne ya riga wanne, sai masu littafi suka yi gaba. Mai littafi yana jin kaurin abin da ya karanta a hannu ɗaya, na abin da ya rage a ɗayan. Ya san yana ina.

Jan rubutu sama da yatsa, wanda shi ne al'adar waya, shi ke rushe wannan mazauni gaba ɗaya. Jimlar da take sama yanzu, anjima tana tsakiya, anjima ta fice. Babu saman shafi, babu ƙasansa. Christopher Sanchez da Jennifer Wiley sun gwada a Amurka a 2009, suka ga dogon rubutun da ake ja ya fi wanda aka yanka shafi-shafi wuyar ganewa idan batun mai sarƙaƙiya ne, kuma waɗanda suka fi cutuwa su ne masu ƙarancin ƙarfin riƙe abubuwa da yawa a kai lokaci guda. Ɗalibin da dama can yake fama, shi ne ake ƙara wa kaya.

Masu ƙera manhajojin Alƙur'ani sun gane wannan. Da yawansu suna kawo shafin Madina yadda yake, layi 15 cif, a juya shi gefe kamar takarda, don kada a rikita wa mahaddaci taswirarsa. Kuma abin yana aiki a waya saboda dalili ɗaya: shafin duka yana shiga gilashin, kuma ana iya karanta shi a haka.

A nan ne takardar laccar 'yar yayata ta faɗi. Ita ma shafi ce tsayayya, amma an yanka ta ne don wani jiki daban. Faɗin takardar A4 santimita 21 ne. Faɗin fuskar waya bai wuce santimita bakwai ba. In aka cusa shafin duka, harafi ya koma kashi ɗaya cikin uku na girmansa, ba ya karantuwa. In aka buɗa shi, shafi ya tarwatse, layi ya karye biyu. An rasa alherin takarda, ba a samu na waya ba. In hoto ne aka ɗauka kuma, ga inuwar hannun mai ɗauka, ga layi a karkace, ga cin data, ga shi ba za ka iya neman kalma a ciki ba. A ganina, a duk hanyoyin da ake sa wa ɗalibi rubutu a gaba, babu wadda ta kai wannan muni, kuma ita ce ta fi yawa a manyan makarantunmu.

Tsawon layi ma ba abin wasa ba ne. Masu tsara littattafai sun daɗe da ƙa'idar harafi 45 zuwa 75 a layi. Mary Dyson ta Jami'ar Reading a Ingila ta gwada a allo a 2001, ta ga layi mai harafi 55 ya fi mai 100 ba da fahimta. In layi ya cika tsawo, ido kan ɓata a hanyar dawowa, ya maimaita layi ko ya tsallake. Wanda ya buɗe takarda ta cika faffaɗan allon kwamfuta daga bango zuwa bango, wahalar da kansa yake yi bai sani ba.

Sauran abubuwan da ake yawan cece-kuce a kansu ba su kai waɗannan nauyi ba. Farin rubutu a kan baƙin allo, wanda matasa ke so da daddare, gwaje-gwajen Axel Buchner da abokansa a Düsseldorf ta Jamus sun nuna baƙin rubutu a kan fari ya fi shi saurin ganuwa, musamman in haruffan ƙanana ne, domin haske yana sa ƙofar ido ta tsuke, gani ya yi kaifi. Masu cewa suna yi ne don tattalin caji, a wayoyi masu araha da yawa fitilar bayan gilashin a kunne take ko allon fari ne ko baƙi. Raɗaɗin ido kuwa, wasu likitocin Japan sun ƙirga a 1993: mutum na ƙifta ido sau 22 a minti in yana zaune kawai, sau 10 in yana karanta littafi, sau 7 in yana kallon allo. A haɗa wannan da busasshiyar iskar hunturu a Kano ko Damagaram.

Zancen zubin haruffa na musamman, yawancinsa talla ne. A 2018 wata jami'a a Melbourne ta Ostireliya ta fito da Sans Forgetica, haruffa masu giɓi a karkace, wai wahalar karanta su za ta sa a riƙe abin da aka karanta. Da wasu suka sake gwadawa a 2020, ba su ga amfanin ba. Haka haruffan da aka ƙera don masu disleksiya, wato yaran da haɗa baƙi ke yi wa wuya alhali hankalinsu lafiya lau, gwaji bai nuna sun fi haruffan yau da kullum ba. Abin da ya yi aiki ya fi haka sauƙi. Marco Zorzi da tawagarsa a 2012 sun ƙara tazara tsakanin haruffa ga irin waɗannan yara a Italiya da Faransa, kurakuransu suka ragu da kusan rabi. A 2013 Matthew Schneps ya ba ɗaliban sakandare masu disleksiya rubutu a ƙaramin allon iPod, kalma biyu ko uku a layi, wasunsu suka fi karantawa da ganewa a kan yadda suke yi a takarda. Wannan fagen allo ne, takarda ba za ta iya ba. Littafi in an buga shi an buga, dattijo mai raunin gani da yaro mai kaifin ido harafi ɗaya za su kalla. Waya kuwa kowa na iya ƙara girma da tazara daidai idonsa, in dai rubutu ne aka turo masa ba hoton rubutu ba.

Mu masu Hausa muna da namu ciwon na daban, wanda babu ruwan Bature da shi. Haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, sun shigo rubutun boko tun shekarun 1930, ga kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke sa 'y. Suna nan a ma'ajiyar haruffan kwamfuta ta duniya, amma ba kowane zubin haruffa ne aka zana masa su ba. In manhaja ta nema ta rasa, ko dai ta ajiye ɗan akwati a gurbin, ko ta aro harafin daga wani zubin, sai ka ga ƙ ta yi tsuru a tsakiyar kalma, ta fi 'yan'uwanta tsawo ko kauri. Ido kan yi tuntuɓe a wurin. Mafi yawanmu kuma muka zaɓi hanya mai sauƙi, muka zubar da ƙugiyar. Babba da ya iya Hausa zai cike da kansa, ya san ko fada ake nufi ko faɗa, kafa ko ƙafa, kara ko ƙara. Amma kowace cikewa tana cin ɗan lokaci, wani sa'in sai ido ya koma baya. Wannan rubutun ma da kuke karantawa, a cire masa ƙugiya ya tashi daga fashin baƙi ya koma fashin baki, aikin 'yan dambe.

Yaro ɗan aji biyu shi ne abin ji. A makarantar allo ba a tsallake babbaƙu da farfaru, sai yaro ya san kowane harafi da sautinsa. A boko ma haka ne, yana koyon cewa wannan zane wannan sauti ne. In littafinsa na aji ya ce ɗaki, wayar gidansu ta ce daki, an ba shi ƙa'ida biyu. Alhali maganin yana nan kyauta: allon rubutu na Gboard yana da Hausa, zubin Noto na Google da Andika na ƙungiyar SIL suna ɗauke da ƙugiyoyin duka. Har ajami an yi masa, SIL ta fitar da zubin Alkalami a 2017, wanda aka kwaikwayo daga hannun marubutan Kano.

Yanzu a dawo kan sharuɗɗa biyun da suka fi buɗa tazara, rubutun bayani da ƙayyadadden lokaci. Wannan ai siffar ɗakin jarrabawa ce. JAMB ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013, zuwa 2015 kowa ya koma can. Tambaya 180 cikin awa biyu, wato sakan 40 kowace tambaya, a ciki har da nassin Turanci da za a karanta a amsa tambayoyi a kansa. WAEC ma ta fara da masu rubutawa daga waje a 2024. Amfanin tsarin a bayyane yake wajen saurin sakamako da rage satar amsa, ba na jayayya da shi. Amma a duba abin da ya faru a jihar Massachusetts ta Amurka a 2015, inda wasu makarantu suka rubuta jarrabawa ɗaya a takarda wasu a kwamfuta. Ben Backes da James Cowan sun auna suka ga masu kwamfuta sun ci ƙasa, kamar an rage musu karatun wata 5 a lissafi da wata 11 a Turanci. A shekara ta biyu tazarar ta ragu, alamar wani kaso nata rashin sabo ne. Waɗannan fa yaran Amurka ne da kwamfuta ba baƙuwarsu ba ce. Ina ga ɗan ƙauyen da ranar jarrabawa ce rana ta biyu ko ta uku da ya zauna gaban allo? A takarda zai ja layi ƙarƙashin jimla, ya dafa yatsa a sakin layi yana duba tambaya. A allo babu wannan. Makarantar da ke koya wa ɗalibai danna A, B, C, D da N don zuwa gaba, ba ta taɓa sa su karanta dogon nassi a allo da agogo a kansu ba, rabin shiri ta yi musu.

Masu cewa a koma takarda kawai suna yawan kafa hujja da Suwidin. Gaskiya ne a 2023 ministar makarantun ƙasar, Lotta Edholm, ta taka wa shirin zuba kwamfutoci a azuzuwa burki, bayan makin yaransu 'yan aji huɗu a gwajin karatu na duniya ya sauko daga 555 a 2016 zuwa 544 a 2021, kuma gwamnati ta ware kurona miliyan 685 a shekarar don sayen littattafai. Sai dai 544 ɗin ma maki ne mai kyau, kuma tsakanin gwaje-gwajen biyu annobar korona ta ratsa, don haka ba a ɗora wa allo laifin duka ba. Sannan Suwidin zaɓi take yi tsakanin littafi da kwamfutar hannu, duka biyun tana da kuɗinsu. 'Yar yayata zaɓinta tsakanin hoton takarda a waya ne da babu. Da babu gara ba daɗi. Wanda zai ce mata ta ajiye waya, sai ya fara miƙo mata littafin.

Tunda wayar ce a hannu, gyaran na kan yadda ake zuba mata rubutu da yadda ake karanta shi. Ackerman da Tirza Lauterman sun gwada a 2014, suka sa masu karatu a allo su rubuta 'yan kalmomin da ke taƙaita abin da suka karanta kafin a tambaye su, sai tazarar da yawan yarda da kai suka ragu. Kife waya a tambayi kai, kamar yadda na sa ta yi, ba ya cin ko kwabo. A daren na yago mata takarda daga tsohon littafin rubutu, duk shafi biyar sai ta tsaya ta rubuta layi uku da hannunta, ta kashe data kafin ta ci gaba. Ta yi ta ƙunƙuni wai ina ɓata mata lokaci.

Da na karɓi wayar na duba hotunan da kyau, sai na ga takardun ba rubutun hannu ba ne. Bugun kwamfuta ne. Malamin ya buga a Word, ya fitar a takarda, ya ba wakilin aji, aka yi fotokwafi, wani ya shimfiɗa kwafin a kan gado ya ɗauka da waya, har ana ganin zanen gadon a gefe. Da ainihin fayil ɗin aka turo, da rubutun ya bi faɗin wayarta da kansa. Ko kuma malamin ya mai da girman shafin daga A4 zuwa A6 kafin ya juya shi PDF, shafi ya shiga gilashi ɗaya cif kamar na mus'hafi, da lambarsa a ƙasa, aikin da bai fi minti biyu ba. Na ce ta gaya wa wakilin ajinsu ya roƙi malam fayil ɗin.

Ta ce, "Kawu, wa zai iya tunkarar malam da wannan maganar?"